Shanyar Ɗoɗɗoya a Ƙasar Rana-Tsaka

Ni dai ban iya jiran mutum ya kai ƙarshen maganarsa ba. Da ya ɗauko ta, na hango inda za ta sauka, sai in ce na gane. Matata Hansai takan ce ko huɗubar Juma'a don dai ba a katse liman ne, da tuni na faɗa masa na gane.

'Yarmu ta fari, wadda muke kira Uwale saboda sunan mahaifiyata gare ta, tana aure a Agadas. Ƙarshen damina ta yi haihuwarta ta biyu, haihuwa mai wuya, ta zubar da jini da yawa. Hansai ta tafi ta zauna da ita, ta bar ni a Funtuwa da gida da kaji. Wata safiya sai ga wayarta.

"Malam, yarinyar nan ta ƙi cin komai. Abin da aka ba ta duk sai ya dawo. Likita ya ce in ba ta ci ba, magani ba zai zauna mata ba. Ta rame har zobe na zamewa daga yatsanta. Ɗazu ta buɗe ido ta ce romon kaza take so, mai ɗoɗɗoyar gidanmu, irin wanda kakarta ke yi mata tana ƙarama. Nan garin na nema na rasa."

"To sai in tsinko in taho da ita."

"Ɗanya ba za ta iso ba, ruɓewa za ta yi a hanya. Busasshiya za ka kawo, shanyar inuwa, don ita ce ke riƙe ƙamshi. Yanzu ka saurare ni da kyau. In ka shiga..."

"Na gane," na ce, na kashe waya.

Lambun Hansai yana bayan ɗakin girki. Na'ana'a a cikin tsohon baho, zogale a jikin katanga, sai ɗoɗɗoyar a gefen rijiya, irin da mahaifiyata ta zo da shi daga ƙauyensu. Na sha ganin Hansai tana tsinkarta da yatsa, kan reshe kawai, bayan raɓa ta bushe, tana bin ta a hankali kamar mai tsefe wa jaririya kai. Ni kuwa na ɗauko lauje. Kafin kaji su gama mamaki na kwantar da ita duka, har ƙasa.

Na baza ta a tabarma cikin zaure, na zauna ina kallonta. Ita ma tana kallona. Babu alamar tana da niyyar bushewa. Ga motar da za ta kai ni iyaka gobe da sassafe za ta tashi. Na leƙa waje, na ga rana tana zuba a banza, babu mai amfani da ita. Sai na ce a raina, mata dai da son wahalar da kai. Na jingina tsani, na hau, na baza ganyen a kan kwanon rufi, na sauko na ci ɗumame cikin jin daɗin mutumin da ya gano abin da duniya ta kasa ganowa.

Rana na tsaka na koma. Ganyen ya zama baƙi ƙirin, ya ƙanƙance kamar takardar da wuta ta lasa. Na ɗebo na kai hanci. Ko ƙurar tabarma ta fi shi ƙamshi. Na waiga gefen rijiya, babu abin da ya rage sai kututture.

A nan na ji ƙarar mazari.

Wata tsohuwa ce zaune a kan tsinin rufin, ta tanƙwashe ƙafa a kan kwanon da ko ƙadangare ba ya iya tsayawa. Tsawonta bai wuce na turmi ba. Idanunta a tsaye suke, ba a kwance ba. Wani siririn zare kore yana tasowa daga ganyena kamar hayaƙi, ita kuma tana kaɗa shi tana naɗewa. Na duba ƙarƙashinta, babu inuwa. Na karanta abin da ya zo bakina, wanda na fi zaton addu'ar shiga kasuwa ce.

"Sannu da aiki, Iya. Me ake yi a kan kwanona?"

"Aminci ga mai shanya a rana," in ji ta. "Ya kai ɗan Adam mai sakin hannu, mun karɓi kyautarka. Duk ganye mai ƙamshi da aka baza a rufi rana na tsaka, gawar ganyen ta mai shi ce, ƙamshin namu ne. Haka dokar take tun kafin a san kwano."

"Iya, ba kyauta ba ce, kuskure ne. 'Yata ce kwance, wannan kaɗai ta ce za ta ci."

"Ni makaɗiya ce, ba ni da ikon warware abin da na kaɗa. Wannan sai Magajiyar Rana-Tsaka."

Ta ciji zaren ta miƙe. Na tattare baƙin ganyen na cusa a aljihu, na yi wuf na cafke wutsiyar zaren. Ta dube ni da idanun nan nata.

"Ka riƙe da kyau. Wanda ya saki zare a hanya, ba ya can, ba ya nan."

Ta taka iskar nan mai rawa da ke tashi daga kwano in ya yi zafi, ta shige cikinta kamar mai ɗaga labule. Zaren ya fizge ni.

Da na buɗe ido, babu Funtuwa. Kwano ne shimfiɗe iya ganin ido, gabas da yamma, yana ƙyalli, rana kuma a tsaye cak bisa kai, ba ta da niyyar gusawa. Silifas ɗina suka fara narkewa. Na zabura zan ruga, kwanon ya lotsa ƙarƙashina, ya tsage, na hango abin da ke ƙasa. Babu komai. Wani farin rami ne marar gindi, yana huci.

"Filin nan ba ya ɗaukar mai sauri," in ji makaɗiya, ko waiwaye ba ta yi ba. "Bi layin ƙusa, nan katako yake. Ka ajiye ƙafa, ka jira ta zauna, sannan ka ɗaga 'yar'uwarta."

Haka na bi ta, ƙusa bayan ƙusa, tafin ƙafata na soyuwa, ina tafiyar hawainiya. Duk sanda zuciya ta ce in ɗan ƙara sauri, sai kwanon ya yi ƙara, in koma hankalina.

Muka fita daga filin muka shiga wani kurmi wanda babu itace a cikinsa, sai dogayen sanduna da igiyoyin shanya. Na ɗauka daurin ganye ne aka rataye. Da na matso sai na ga gemu. Mutane ne, an ɗaure su ta ƙafa, dami-dami, kai a ƙasa, sun bushe ƙayau, iska na kaɗa su suna ƙaras-ƙaras. Duka maza. Babu mai inuwa a cikinsu.

Wani mai sanƙo ya buɗe ido ɗaya. "Bawan Allah, me ka shanya?"

"Ɗoɗɗoya."

"Ni zogale. Uwargida ta je biki."

"Ni na'ana'a," in ji na kusa da shi. "Cewa na yi zan ba ta mamaki."

Mai sanƙon ya yi ƙoƙarin haɗiye miyau, babu. "In ta tambaye ka, kada ka yi saurin..." Iska ta juya shi ya fuskanci wani wajen. Karo na farko a rayuwata na so mutum ya ƙarasa maganarsa.

Bayan kurmin sai ga birni, ganuwarsa ta farin gishiri, ƙofarsa ɗaya. Wani jan gwada ne kwance a bakin ƙofar, girmansa ya kai na raƙumi, yana gyaɗa kai. Makaɗiya ta raɗa mini cewa zai gaishe ni, kuma duk wanda ya katse masa gaisuwa, kurmi za a mai da shi.

"Maraba da baƙo, ɗan baƙi, jikan baƙi," in ji jan gwada. "Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ina gida? Ina mai ɗakin? Ina kaji? Ina zakaran da ya rasa wutsiya? Ina gugan rijiya, ya daina yoyo? Ina garar da ke cin ƙyauren zaure, tana samun ci?"

Ina amsawa, yana gyaɗa kai, yana sake ɗaukowa. Ya gaida tsani, ya gaida lauje, ya gaida maƙwabcina da surukarsa. Zaren da ke hannuna kuwa sai ƙara siranta yake, ƙamshin na ragewa. Na tuna Uwale kwance, zobe na zamewa. Kalmar nan tawa ta taso daga ciki, ta zo maƙogwaro, ta hau harshe. Na cire hula na cusa a baki na cije. Daga nan da kai na riƙa amsawa, ni gyaɗawa, shi gyaɗawa, kamar 'yan gida ɗaya.

Can ya ja dogon numfashi. "Madalla da baƙo mai ladabi. Shige."

A tsakiyar birnin akwai rumfa, ita kaɗai ce inuwa a ƙasar duka. Da na ɗaga kai na ga ba da zana aka rufa ta ba. Inuwoyin mutane ne aka ɗinke, hannu da ƙafa da hula, wasu har yanzu suna motsi. Goruna sun yi layi a rataye, kowace an toshe bakinta. Mutanen birnin ba sa tauna komai, sai dai a buɗe gora su shaƙa su yi gyatsa. A ƙarƙashin rumfar Magajiya take zaune, doguwa, fuskarta kamar tagulla a cikin wuta, ba a iya kallonta sai ta gefen ido. Makaɗiya ta durƙusa ta miƙa mazari. Magajiya ta kai shi hanci ta lumshe ido.

"Tsohon iri," ta ce. "An daɗe ba a kawo mana irinsa ba. Hannun da ya rene shi ba ya kuskure. Wane ne ya yi mana wannan alheri?"

Na zube. "Ranki ya daɗe, ni ne. Sunana Tanimu, mijin mai hannun. Allah ya ja zamaninki, roƙo na zo. 'Yata ta haihu, ta kasa cin abinci, ƙamshin nan kaɗai ranta ya nema. Na sare shukar duka, babu wata. In na je hannu wofi, ban san abin da zan tarar ba."

"Ya Tanimu, mijin mai hannu, ba mu ƙwace ba, ba mu sata ba. Kai ka hau da ƙafarka ka miƙa. Amma ba a taɓa cewa Magajiya ta hana mai jego romo ba. Zan mai da ƙamshin cikin ganyen, ya koma ɗanye kamar yanzu aka tsinke shi. Sai ka shanya shi a nan, a gabana, shanyar inuwa. In ya bushe yana kore, naka ne. In rana ta taɓa shi, ko ruwa ya ɗiga masa, ko ka ce ya bushe alhali bai bushe ba, inuwarka ta shiga rumfata, kai kuma ka tafi kurmi. Akwai gurbi kusa da mai zogale."

"Na ga..." Na cije harshe. Ta jira. Na jira. Ashe kuwa da saura.

"Ba a rumfata ba. Ba kuma da rigarka ba, don inuwar riga ta masaƙi ce. Da inuwar da ka zo da ita duniya."

Aka tuɓe mini riga aka ajiye gefe, aka bar ni da wando da hula. Na zazzage baƙin ganyen a faifai. Magajiya ta warware zaren a kansa, nan take ya miƙe, ya yi kore shar, ƙamshi ya bugi hancina har na ga mahaifiyata tsugune a bakin murhu. Aka kai ni tsakiyar fili, a kan wani farin dutse.

Rana a tsakar kai take, saboda haka inuwar mutum a ƙarƙashinsa take. Na yi goho, gwiwa biyu, hannu biyu, faifai a ƙarƙashin cikina. A nan na gano wani abu game da kaina. Duk tumbin da Hansai ke yi mini gori a kansa, inuwarsa ba ta rufe faifai ba. Kuma ba a tara ganye a shanya, sai an baza shi ɗaya-ɗaya iska ta ratsa, in ba haka ba ya gumu ya yi baƙi. Na zaɓi abin da bai wuce cikin tafin hannu ba na jera a tsakiya. Sauran ina kallo rana ta cinye, makaɗiya na gefe tana naɗe abinta.

Ba zan iya cewa ga tsawon zaman da na yi ba, don a ƙasar rana ba ta motsi. Bayana ya fara da zafi, ya koma raɗaɗi, ya koma wani abu da ba shi da suna. Na ji fata na tashi. Gumi ya taru a goshi, na ja hula har gira don ta shanye shi. Da hula ta jiƙe, sai na riƙa karkatar da kai gefe, ɗigon ya sauka a dutse ya yi cuu. Lokaci-lokaci in ɗaga hannu ɗaya in juya ganyen da yatsa, sauran jikin na rawa, gefen inuwar na lilo dab da ganyen ƙarshe.

Aka kawo ƙwarya cike da ruwan randa, har da raɓa a jikinta, aka ajiye inda sai na miƙa kafaɗa zan kai. Na rufe ido. Aka saki wata iska mai wasa ta ɗaga ganye ɗaya ta nufi rana da shi, na danne shi da haɓa. Mutanen birni suka kewaye ni suna shawara a kan inda za a ɗinka inuwata. Wani ya ce ta yi faɗi ta tsakiya, sai an rage.

Sai wayata ta yi ƙara a aljihun riga.

Na san kiɗan, na Hansai ne. Rigar tana can, taku kaɗan. Ta yanke, ta sake kira. Ta yanke, ta sake. Hansai ba ta jera kira haka sai da dalili. Zuciyata ta ce, Tanimu, ƙila yarinyar ce ta cika, kana nan kana gadin ganye. Ƙila kuma so take ta ji muryarka kafin ta tafi. Hannuna ya ɗaga da kansa.

"Ɗauki mana," in ji Magajiya a hankali. "Ba mu hana miji amsa kiran iyalinsa ba."

Na dubi inuwata, na ga ta zame har rana na lasar bakin faifai. Na mai da hannun. Na ce a raina wannan ma makircinsu ne, irin na ƙwaryar ruwa. Wayar ta yi ta kuka har muryarta ta shaƙe, na ji wani ɗan fas, zafi ya fasa ta. Hawaye ya zo, na karkatar da kai, shi ma ya sauka a dutse.

Ganyen ya yi laushi, ya ƙanƙance, ya fara nannaɗewa, amma yana kore. Na taɓa, ya yi ƙaras.

Magajiya ta taso har inda nake. Zafinta ya fi na ranar. "Ya Tanimu, na ga alamar aikinka ya kammala. Ya bushe?"

Bayana na cewa ya bushe. Gwiwoyina na rantsuwa ya bushe. Baki ya buɗe. Sai na tuna mai sanƙo da maganarsa da iska ta yanke. Na kuma tuna wani abu da na sha gani ina tsaye ina ƙorafin abinci ya yi latti: Hansai ba ganyen take dubawa ba. Tsinken take ɗauka, ta kai kunne, ta karya. Na laluba na ɗauki tsinke mafi kauri na lanƙwasa. Ya lanƙwasu kamar igiya, bai ce komai ba.

"Ranki ya daɗe, da saura."

Ta koma rumfarta. Na ci gaba da gasuwa. Ta sake zuwa ta tambaya, tsinke ya lanƙwasu, na ce da saura. Hannuwana suka mutu, na koma kan gwiwar hannu. Idona ya fara ganin duhu-duhu. Da ta zo na ƙarshe ban ma iya ɗaga kai ba. Na kai tsinken kunne na matsa.

Ƙas.

"Ya bushe," na ce.

Ta ɗauki ganye ɗaya ta murza, ya zama gari, kore, ƙamshi ya tashi har inuwoyin rumfa suka motsa.

"An yi asarar inuwa mai faɗi," ta ce. "Tafi da abinka, mijin mai hannu. Ka gaida mai hannun. Ka ce mata tun da ta zo gidanka ko ƙamshin ganye ɗaya ba mu samu ba, sai yau."

Na juye ganyen cikin takardar da makaɗiya ta miƙo mini, na ƙulle, na rungume riga. Ta tura ni da mazari ta baya. Na faɗo a kan kwanona, ladan na kiran la'asar, kaji na kallona daga ƙasa.

Yadda na je Agadas ba sai na faɗa ba. Duk tafiyar ban jingina da kujera ba, na zauna a tsaye kamar sabon soja, ƙunshin yana cikin hula, hular tana kaina. Babu waya, babu labari. Kowane gari muka wuce sai in ce ƙila yanzu ake haƙa kabari.

Na tarar da ƙofar gidan babu tabarmin zaman makoki. Na yi hamdala. Hansai ta fito, ta dube ni sama da ƙasa, ta karɓi ƙunshin ba ta ko ce sannu ba. Ta buɗe, ta shinshina, ta ɗauki tsinke ta kai kunne ta karya.

"Malam, wa ya shanya maka wannan?"

"Ni."

Ta sake dubana, ta wuce madafa.

Uwale tana kwance, ta zama kamar zane a kan gado, jaririn na gefenta. Da ƙamshin romon ya shigo ɗakin, hancinta ya motsa. Uwar ta tallafo ta, ta ba ta cokali ɗaya. Muka jira. Bai dawo ba. Ta sha na biyu, ta sha na uku, ta kama kwanon da hannunta.

"Baba," ta ce, "kamar kakata ce ta dafa. Akwai ƙari?"

Na fita tsakar gida don wani abu ya shiga mini ido.

Da yamma na kwanta rub da ciki a tabarma, Hansai na shafa mini man kaɗanya a baya tana salati. Na ba ta labari tun daga tsani har rumfa, na isar da gaisuwar Magajiya, na ɗan ƙara wa jan gwada tsawo. Na fi jan zance a wurin wayar, yadda aljanu suka kwaikwayi kiranta don su yaudare ni, ni kuwa na tsaya kamar dutse. Ta bar ni na kai ƙarshe, don ita ta iya.

"Ba aljanu ba ne, ni ce," ta ce. "Na yi ta kira in ƙarasa maka maganar da ka katse. Cewa zan yi in ka shiga ɗaki ka duba ƙarƙashin gado. Tun kafin in taho na shanya kwando guda. Wa ya ce ka taɓa mini shuka?"

Da na koma Funtuwa na durƙusa na leƙa. Kwandon yana nan, cike, an rufe shi da faifai, daidai gefen da nake kwana.